Saƙonnin da ba ki nema ba: wa ya ba su lambarki, kuma me za ki yi da su

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah mazauniyar Makka, mai sayar da turaren wuta da abaya ta WhatsApp. Ta ce: "Wayata ba ta hutawa. Yau a ce za a rufe min asusun banki sai na sabunta bayanai, gobe a ce ina da kaya a gidan waya sai na biya riyal kaɗan, jibi a ce ga aikin da zan yi daga gida. Imel ɗin ɗana ma ya cika da irinsu. Wa ya ba su lambata? In na rubuta musu su daina, za su daina? Ko dai in sauya layi in huta?"

Hajiya, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Bari in fara da abin da ya fi gaggawa: kada ki rubuta musu komai, ko da faɗa ne, kuma kada ki sauya layi. Sama da shekara goma ke nan ina kula da na'urorin da ke karɓar imel suna tace shi a wani kamfani a nan Jidda, kuma abin da zan gaya miki shi nake gaya wa mahaifiyata.

Mai aiko saƙon nan bai san ki ba. Mutane na shan wuyar yarda da wannan, domin saƙon yakan zo kamar da ke kaɗai ake magana. Lambar salula a Saudiyya alƙaluma goma ce, tana farawa da 05, kuma kwamfuta na iya jero sauran takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya ta aika wa kowacce, mai mai ita da marar mai ita. Masunci ne ya watsa taru a kogi yana jiran inda ruwa zai motsa. Amsarki ita ce motsin. Ranar da kika rubuta "ku daina", kin shaida musu cewa layin na raye, mai shi na karantawa, har ma ga yaren da take ji. Daga nan lambarki ta tashi daga jerin lambobin zato ta koma jerin waɗanda aka tabbatar, wanda ake sayar wa wasu da tsada.

Ba zato kaɗai ba ne kuma. A watan Afrilun 2021 an baza bayanan masu amfani da Facebook kimanin miliyan 533 daga ƙasashe 106 a intanet kyauta, da sunaye da lambobin waya, kuma sama da miliyan 28 daga cikinsu na Saudiyya ne. Abin da ya fita irin haka ba ya komawa. Ki ƙara da lambar da muke ba mai karɓar kuɗi a kanti don tara maki, da takardar gasar mota da ake cikewa a bakin manyan kasuwanni, da manhajojin da ke neman izinin ganin lambobin wayar mutum. Wannan na ƙarshen ya fi ciwo, domin ko ke ba ki sauke manhajar ba, in ƙawarki ta sauke ta ba da izini, lambarki ta tafi tare da sunan da ta ajiye ki da shi. Ke kuma 'yar kasuwa ce. Lambarki na jikin hoton tallarki, tana cikin zaurukan WhatsApp da kowa ke shiga da mahaɗi, inda baƙo zai shigo ya kwashe lambobin mutum ɗari biyar ya fita ba wanda ya lura.

Za ki ce, to me suke samu tunda kowa share saƙon yake yi? A 2008 wasu masu bincike na jami'ar Kalifoniya, daga reshen Berkeley da na San Diego, sun kutsa cikin wata rundunar kwamfutocin jama'a da aka harba da ƙwayar cuta ake aika saƙo da su ba da sanin masu su ba, rundunar da ake kira Storm. Cikin kwana 26 suka bi sawun saƙon tallar magani kusan miliyan 350. Mutum 28 kacal suka taya. Wato mutum ɗaya cikin miliyan goma sha biyu da rabi, amma duk da haka sana'ar na ci, domin aika saƙo miliyan bai fi aika guda ɗaya tsada da wani abin kirki ba, ga shi da wutar wasu da intanet ɗin wasu ake yi. Matsalar ta girmi wayoyin hannunmu. Tun ranar 3 ga Mayun 1978 wani ɗan talla mai suna Gary Thuerk, na kamfanin kwamfuta na Digital Equipment Corporation, ya aika gayyata ɗaya ga mutum kusan 400 a ARPANET, kakar intanet, aka yi masa caa. Kalmar spam da kike gani a imel ɗin ɗanki asalinta sunan wani naman gwangwani ne na Amurka. Larabawa na cewa rasa'il muz'ija, saƙonni masu damu, ni kuwa tarkace nake ce musu.

Tarkacen nan iri biyu ne, kuma maganinsu daban. Akwai talla ta kamfani na gaske: kantin da kika taɓa saye, gidan abinci, asibitin haƙori. Damu ne kawai, ba sata ba. A Saudiyya irin wannan saƙon yakan zo da sunan mai aikowa da AD a ƙarshensa, alamar da hukumar sadarwa ta wajabta don a gane talla ce. Kamfanin layinki, STC ne ko Mobily ko Zain, yana da hanyar toshe saƙonnin talla a cikin manhajarsa, sai a kunna. Dokar kare bayanan mutum da ta fara aiki a watan Satumban 2023 ma ta ce ba a aika wa mutum talla sai da yardarsa, kuma dole a ba shi hanyar dakatarwa. Don haka idan kin san kamfanin, kin tuna ranar da kika ba su lambarki ko imel, danna wurin cire suna ba laifi. Idan ba ki san su ba, wurin cire sunan ma tarko ne.

Iri na biyu shi ne damfara, kuma a nan nake so ki ba ni hankalinki.

Duk saƙonnin da kika lissafa, riga ce kawai ta bambanta. Kowanne na ɗauke da abin da zai tayar da hankali ko ya motsa kwaɗayi, sai wa'adi gajere, sai ƙofa: mahaɗin da za ki danna ko lambar da za ki kira. Na tahdis ɗin banki, wato sabunta bayanai, tsoro ne. Na gidan waya dabara ce mai sanyi, domin riyal kaɗan ba ya sa mutum tunani, alhali ba riyal ɗin suke so ba, lambar katinki suke so da alƙaluma ukun nan na bayansa. Na aikin gida yakan fara da biyan ki ɗan wani abu na gaske don danna wasu hotuna, sannan a ce ki zuba naki kuɗin don hawa mataki na gaba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Idan Shawwal ta kama kuma sai na Hajji su fito, a ce ga tasrihi, wato izinin Hajji, cikin rahusa, ga hamla, wato ayarin alhazai na wani kamfani, mai kujeru kaɗan da suka rage. Izinin Hajji na mazauna ƙasa ta manhajar Nusuk da hanyoyin Ma'aikatar Hajji da Umara yake fitowa. Wanda ya sayi na bogi ya yi asara biyu, domin a Hajjin 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai riyal 20,000, ga kora da hana shigowa na shekara goma ga baƙo.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu, direba, mutum mai natsuwa wanda ba za a ce masa mai garaje ba. Saƙo ya shigo masa da rana cewa an dakatar da katinsa. Bai danna komai ba. Bayan kamar minti goma waya ta yi ƙara, wani mai Larabci mai daɗi ya gaishe shi da cikakken sunansa, ya karanto masa lambar iƙamarsa, wato katin zamansa a ƙasar, daidai, ya ce daga banki yake, zai taimake shi a gyara kafin a rufe asusun. Ya ce wata lamba za ta shigo yanzu, ya karanto masa. Ya karanta. Aka sake, ya sake. Kuɗin da ya shekara biyu yana tarawa don auren 'yarsa a gida suka fita kafin la'asar. Da ya zo wurina da daddare abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Ai ya san iƙamata." Sanin sunanki da lambar iƙamarki ba shaidar komai ba ne, domin kwafin iƙamarmu ya ratsa hannu nawa? Wurin haya, wurin aiki, wurin aika kuɗi, shagon kwafi. Abin da ɗan damfarar bai da shi, kuma ba zai taɓa samu ba sai kin ba shi da bakinki, shi ne lambar tabbatarwa da ke shigowa wayarki. Ita ce mabuɗin ƙarshe. Bankuna da Babban Bankin Saudiyya sun sha nanata cewa ma'aikacinsu ba ya tambayar wannan lambar ko lambar sirrin kati. Da a ce dattijon ya karanta saƙon da lambar ta zo a ciki, da ya ga an rubuta abin da ake shirin yi, ƙara sabon mai karɓar kuɗi ko tura kaza. Amma mai kiran bai bar shi ya numfasa ba, kuma da gangan ne.

Haka batun Nafath yake, manhajar gwamnati da ke tabbatar da cewa ke ce kike shiga shafi, har ya fi haɗari. Tsarinsa shi ne: ke ce za ki buɗe shafin hukuma ko na banki, shafin ya nuna miki lamba mai alƙaluma biyu, ki je manhajar ki zaɓe ta. Idan wani ne ya kira ya ce "zaɓi 47", to shi ne zaune a gaban shafin, da sunanki yake shiga, ke kuma kina sa masa hannu. Da wannan ana iya buɗe asusu ko cire layi da sunan mutum. Buƙatar Nafath da ba ke kika tayar da ita ba, ki ƙi ta, ko wa ya ce shi ne.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa abin ke cin mutanenmu da yawa, kuma ba na ganin rashin wayo ne. Mai zaman baƙunta kullum yana ɗauke da fargabar takarda. Aka ambaci iƙama, ko Jawazat, hukumar shige da fice, ko tara, sai gaba ya faɗi kafin kai ya yi aiki. Da yawanmu kuma Larabcin kasuwa da na unguwa muke ji sarai, amma Larabcin ofis da ake rubuta saƙon da shi yana mana nauyi, sai mu ji daɗin samun wanda zai "taimaka" ta waya. Ga kunya: babba ba ya son ya nuna wa yaro saƙo ya ce duba min. Wallahi da za a riƙa nunawa, da rabin asarar nan ba a yi ta ba.

Kada kuma sunan da ke saman saƙo ya ruɗe ki. Ana iya ƙirƙirar sunan mai aikowa, ana iya sa lambar mai kira ta fito kamar ta cikin gida alhali daga wata ƙasa yake, hoton tambarin banki a WhatsApp kuwa ko yaro zai iya ɗorawa. Akan koya wa mutane karanta mahaɗi, a duba ainihin sunan shafin da ke gab da karan farko mai jirge (/), a ga ko ya ƙare da gov.sa kamar na ma'aikatu, a lura da harafin da aka sauya. Ilmi ne mai amfani, amma a ƙaramin allon waya, da ido mai gajiya, ni kaina ba na dogara da shi. Alamar kwaɗon nan ma da ke gefen adireshi ba ta nufin shafin na mutanen kirki ne, masu damfara na da ita. Ƙa'idar da nake bi ita ce ba na shiga ta ƙofar da saƙo ya buɗe min. An ce asusuna na da matsala, sai in ajiye saƙon in buɗe manhajar bankin da hannuna, ko in kira lambar da ke bayan katina. An ce ina da tara ko iƙamata na da matsala, sai in buɗe Absher, manhajar hidimomin gwamnati. An ce ina da kaya, sai in tambayi kaina ko na yi oda, in duba a manhajar kamfanin. In maganar gaskiya ce zan tarar da ita a can.

Saƙon damfara da ya zo ta layi, ki tura shi zuwa 330330. Lamba ce da aka ware a Saudiyya don kai rahoton irinsu, kyauta ce, kuma ba sai kin je ko'ina ba. Bayan nan ki toshe lambar ki share. Kiran da ya yi ƙara sau ɗaya daga lambar wata ƙasa ya katse, kada ki bi shi, so ake ki kira a cinye miki kuɗi.

WhatsApp shi ne shagonki, don haka ya cancanci ƙofa mai ƙarfi. A cikin saituna akwai tabbatarwa mai mataki biyu, inda za ki zaɓi lambar sirri mai alƙaluma shida. Ki sa ta yau. Hanyar da ake ƙwace WhatsApp ɗin mutane ita ce a turo saƙo daga lambar wata da kika sani, wadda ita ma an riga an ƙwace nata, a ce "na turo miki lamba bisa kuskure, maido min". Lambar shiga asusunki ce. Wanda ya samu zai bi kwastomominki ɗaya bayan ɗaya da sunanki yana karɓar kuɗin abaya. A saitunan sirri ki takaita masu iya saka ki a zaure zuwa lambobin da kika ajiye. Duk abin da aka turo a ce ki sauke, katin gayyatar biki ne ko manhajar bin sawun kaya, in dai ba daga Play Store ko App Store ya fito ba, ki bar shi, domin wasunsu karanta saƙonnin banki suke yi a ɓoye. Abu biyu kuma da suka shafi 'yan kasuwa musamman: hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai kin ga shigarsu a asusunki za ki saki kaya. Wanda kuma ya ce zai turo kuɗi ta asusunki ki miƙa wa wani a ba ki lada, kuɗin sata yake so ya wanke da sunanki, kuma idan bincike ya tashi ƙofarki za a fara ƙwanƙwasawa.

Na ɗanki ya fi sauƙi, domin matatun imel sun yi ƙarfi. Google ya ce Gmail na tare sama da kashi 99.9 cikin ɗari na tarkace, kusan saƙo biliyan 15 kullum, kuma tun 2024 ya wajabta wa masu aika sama da saƙo 5,000 a rana su tabbatar da ko su wane ne, su kuma sa hanyar cire suna da dannawa ɗaya. Wanda ya tsallake matatar, ya riƙa danna masa maɓallin rahoton spam maimakon sharewa kawai, domin da haka matatar ke koyo. Ya kashe buɗewar hotuna kai tsaye, saboda akan ɓoye ɗan ƙanƙanin hoto da ido ba ya gani, wanda ke sanar da mai aikowa cewa an buɗe saƙon. Ya ware imel guda na banki da makaranta da Absher, wani daban na rajistar wasanni da shaguna. Akwai shafin Have I Been Pwned da wani masanin tsaro ɗan Ostareliya, Troy Hunt, ya kafa a 2013, inda zai sa adireshinsa ya ga ko ya taɓa fita a wata satar bayanai. In ya fita, ya sauya kalmar sirri a duk inda ya maimaita ta.

Idan kuwa an riga an danna, ko an faɗi lambar, ba lokacin zargin kai ba ne. Banki za a fara kira nan take a dakatar da kati da asusu, kafin a gaya wa kowa, domin kuɗin yakan tsallaka asusu biyu ko uku cikin ƙanƙanin lokaci. Sai a sauya kalmomin sirri, a kai ƙara ta manhajar Kulluna Amn ko ofishin 'yan sanda tare da hotunan saƙonnin, a duba hidimar Arqami ta hukumar sadarwa a ga ko an cire wani layi da sunan mutum. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku da tarar da ta kai riyal miliyan biyu kan cin dukiyar mutane ta wannan hanya. WhatsApp da aka ƙwace yakan dawo idan an sake rajista da lambar, ko da yake in ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin sai an jira kwana bakwai. Kafin nan a kira 'yan uwa da kwastomomi a sanar da su. A yi hattara kuma da wanda zai ɓullo daga baya ya ce shi lauya ne mai dawo da kuɗin da aka sace, sau da yawa su ɗin ne suka dawo zagaye na biyu.

Akwai wani ɓangare da ba ki tambaya ba amma ba zan tsallake shi ba. Wani kaso na tarkacen nan mu muke yaɗa shi da hannunmu. Saƙon rabon data kyauta albarkacin Ramadan, tallafin wata gidauniyar da za a cike fom a tura wa zaure biyar, addu'ar da aka ce wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga ba daidai ba. Da kyakkyawar niyya ake turawa, na sani. Amma fom ɗin nan shi ne injin tattara lambobi da sunaye, kuma ya fi saƙon baƙo tasiri saboda daga hannun inna ko malam ya fito. WhatsApp da kansa ya takaita turawa zuwa wuri biyar a 2019, ya kuma mayar da wanda aka tura da yawa zuwa wuri ɗaya a 2020, saboda wannan. Malamanmu na karantar da mu cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Ke ma a tallarki, ki tura wa wadda ta ce tana so, wadda ta ce a daina a daina, domin in mutane suka yi ta kai rahoton lambarki ana iya rufe miki asusun.

Batun sauya layi kuwa, asararsa ta fi ribarsa. Lambar nan tana ɗaure da Absher da banki da kwastomomin da kika yi shekaru kina tarawa, sabon layin kuma wataƙila wani ya taɓa riƙe shi, ki gaji tarkacensa har da masu bin sa bashi. Abin da ya fi shi ne ki ƙara layi na biyu da sunanki. Wannan tsohon da duniya ta riga ta sani ki bar wa kasuwa, sabon ki mayar da banki da Absher da Nafath kansa, kada ki rubuta shi a talla, kada ki ba kowane kanti. Daga ranar, duk saƙon "banki" da ya shigo ta layin kasuwa kin san na ƙarya ne tun kafin ki buɗe. Idan ɗanki ya dawo yau da daddare ku zauna tare ku fara da lambar sirrin WhatsApp ɗin, ki rubuta ta a takarda ki ajiye inda kike ajiye fasfo.